Lemur, mai shuka dajin Madagaska

Wataƙila kun taɓa cin karo da bidiyonsa a Facebook ko TikTok: dabba mai manyan idanu da doguwar jela mai zobe-zoben baƙi da fari, ana ta sosa mata baya. Lemur ke nan. Jama'a, a daina yaɗa irin wannan bidiyo, domin yana sa wa mutane kwaɗayin kiwonsa a gida, alhali dokar Madagaska ta haramta kama shi.

Ɗan'uwan biri ne na nesa, kuma asalinsa tsibirin Madagaska kaɗai. Iri-irinsa sun haura 100. Mafi ƙanƙanta nauyinsa kamar giram 30 ne, ya zauna a tafin hannunka. Babbansu shi ne indri, mai kuka da safe ana jiyo shi daga nesa.

Bafaranshe Étienne de Flacourt ya ba da labarinsu a littafinsa na 1658. Bayan shekara 100 daidai, a 1758, masanin halittu Carl Linnaeus ya raɗa musu suna daga kalmar Latin mai nufin fatalwa. Zaman masu bincike a daji da su kuwa sai ƙarni na 20. Alison Jolly, 'yar Amurka, ta fara bibiyar masu zoben jela a gandun dajin Berenty da ke kudancin tsibirin a shekarun 1960, ta gano cewa a garkensu mace ce ke gaba: ita ke fara cin abinci, namiji ya ja gefe ya jira. A 1986 Patricia Wright ta gano wani iri mai cin gora, wadda ke ɗauke da gubar sayanaid, amma ko a jikinsa. Wannan ne silar kafa gandun dajin Ranomafana a 1991.

Abin da ya fi damuna a matsayina na malamin gona shi ne maganar iri. Lemur yana haɗiye 'ya'yan itace da ƙwallonsu, ya yi nisa, ya kasayar da ƙwallon tare da takinsa. Akwai itatuwa masu manyan ƙwallo da da wuya wata dabba a tsibirin ta iya haɗiyewa in ba shi ba. Idan ya ƙare, wa zai yi wannan shuka?

Ga shi kuwa yana ƙarewa. Ƙididdigar 2020 ta IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta nuna iri 103 cikin 107 suna cikin haɗarin ɓacewa. Ana sare daji a cinna wuta don noman shinkafa, abin da mutanen Madagaska suke kira tavy, ga gawayi, ga farauta. Ba na ganin laifin manomin da yunwa ta tura, amma gonar ƙuna ba ta wuce 'yan shekaru take gajiya, sai a sake shiga wani dajin.

Camfi ma ya yi tasa ɓarnar. Akwai wani irin lemur mai yawon dare, ai-ai, mai dogon yatsa siriri da yake ƙwanƙwasa itace da shi ya zaƙulo tsutsa. A wasu ƙauyuka ana ganinsa alamar mutuwa ce, sai a kashe shi a rataye bakin hanya.