Manaja: matsayinsa, ayyukansa da ƙwarewarsa

Manaja shi ne wanda aka damƙa wa ragamar ma'aikata, ko wani sashe nata, domin ya haɗa mutane da kuɗi da kayan aiki har a cimma abin da aka sa a gaba. Sau da yawa dukiyar ba tasa ba ce, amana ce aka ba shi, kuma da aikin da ya fito daga hannun na ƙasa da shi ake auna shi.

A 1916 Henri Fayol, injiniyan ma'adinai ɗan Faransa, ya kasa aikin gida biyar: shiri tun kafin lokaci, rarraba aiki, ba da umarni, daidaita sassa, da bin diddigin sakamako. Henry Mintzberg na Kanada kuwa zama ya yi yana kallon yadda shugabannin ma'aikatu biyar ke yininsu. Abin da ya wallafa a 1973 ya nuna cewa aikin a gutsuttsure yake zuwa, ga waya, ga baƙo, ga matsalar da ba a zata ba. Ya lissafa rawa goma da manaja ke takawa, a rukuni uku: hulɗa da mutane, karɓa da isar da bayani, da yanke shawara.

Duk wanda ya san siton shinkafa a Aboabo ta Kumasi zai gaskata shi. Da sassafe manaja na ƙirga buhuna yana gwadawa da littafi. Bai gama ba direban da ya taso daga Tema ya kira, mota ta lalace a hanya. Ga kuma tsohuwar kwastoma daga kasuwar Kejetia tana cewa, "Alhaji, a ƙara mini buhu goma, Juma'a zan cika." Amsar da zai ba ta a tsaye ita ma yanke shawara ce, kuma da kuɗin wani yake yin ta.

Robert Katz, a 1955, ya ce ƙwarewa uku ake bukata: sanin sana'ar kanta, iya zama da mutane, da hangen ma'aikata dungurungum. Ta farko ta fi nauyi ga ƙaramin manaja mai kula da leburori ko masu sayarwa, ta ƙarshe ga na sama. Ta tsakiya babu matakin da ke wadatuwa ba tare da ita ba, kuma a zango ita ce mafi wuya. Yaron shago kan kasance ɗan yayar maigida ko ɗan maƙwabci, tsawata masa kuwa na iya isa gida kafin magariba. Manajan kirki yakan kira shi gefe ya yi masa faɗa, ya rubuta komai a littafi, ya kuma riƙe doka ɗaya ga ɗan gida da bare. Inda aka bar kunya ta hana lissafi, jari ne ke tafiya.

Zango bai jira makaranta ba kafin ya san wannan aiki. A cinikin goro da shanu na Kumasi, maigida ne ke saukar da fatake, ya adana kayansu, ya haɗa su da dillalai, ya tsaya wa mahauci idan ya ɗauki sa bashi. Sunansa ne jarinsa.

Sai dai manajan yau dole ya san doka. Dokar ƙwadago ta Ghana ta 2003 ta ƙayyade aiki awa 8 a rana ko 40 a mako, da hutun shekara na aƙalla kwanakin aiki 15. A kuɗin fansho, mai ba da aiki na zuba kashi 13 cikin ɗari na albashi, ma'aikaci kashi 5.5, kuma haƙƙi ne da bai kamata a yi wasa da shi ba. Masu neman horo na zuwa GIMPA, cibiyar koyar da gudanarwa da aikin gwamnati da aka kafa a Accra a 1961, ko makarantun kasuwanci na jami'ar Ghana da ke Legon da KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi.