Zamanantar da Japan a idon masu neman gyara na ƙasar Sin

Tun da Japan ta shiga sabon zamani a ƙarƙashin Sarki Meiji a 1868, malaman daular Qing mai mulkin Sin suka yi ta kallonta da raini, suna ɗaukarta tamkar almajirin da ya watsar da karatun gida. A 1876 babban jami'i Li Hongzhang ya ƙalubalanci jakadan Japan, Mori Arinori, kan dalilin da ya sa suka yar da tufafin kakanninsu suka ɗauki na Turawa.

Wanda ya fara nazarin lamarin da idon basira shi ne Huang Zunxian, da ya je Tokyo a 1877 cikin tawagar jakadancin Sin. Ya kammala littafinsa kan Japan a 1887, babi 40, kan haraji da soja da shari'a da makarantu. Hukuma ba ta kula shi ba, bai fito ba sai wajen 1895, lokacin da Japan ta riga ta ci Sin da yaƙi, ta karɓe Taiwan da diyyar azurfa tayil (ma'aunin nauyin azurfa na Sin) miliyan 200 a yarjejeniyar Shimonoseki.

Daga nan raini ya koma neman koyi. A 1898 malami mai neman gyara Kang Youwei ya miƙa wa Sarkin Sin Guangxu nazarinsa na gyaran Meiji, yana nuna cewa sarki mai ƙuduri ya isa ya juya ƙasa daga sama. A nan Kang ya karkata tarihi zuwa bukatarsa, domin ainihin masu riƙe da ragama a Japan samurai ne, wato mayaƙan gado, daga yankunan Satsuma da Choshu, waɗanda suka kifar da tsohuwar gwamnati da makami. Guangxu ba shi da irinsu. Gyaran nasa ya yi kwana 103 kacal, kafin Sarauniya Cixi, mai riƙe da ainihin iko a fada, ta murƙushe shi a watan Satumba.

Babban gwamna Zhang Zhidong kuwa, da yake kira a tura ɗalibai Japan, lissafinsa na mai tattali ne: Japan kusa take, zuwa can ya fi arha, rubutunta ya yi kama da na Sin, kuma ta riga ta tace ilimin Turawa. Ɗalibai 13 aka fara turawa a 1896, kafin shekara goma sun kai dubbai.

Liang Qichao, almajirin Kang, ya tsere zuwa Japan, ya kafa jarida a Yokohama. Zamansa can ya sa ya mai da hankali kan tarbiyyar 'yan ƙasa fiye da umarnin fada. Rubuce-rubucensa na cikin hanyoyin da kalmomin da Japanawa suka ƙirƙiro ko suka sabunta, kamar na "al'umma" da "tattalin arziki", suka bi suka zauna a harshen Sinanci na yau.