Ku daina wannan shotgan ɗin, dan Allah

Kwanan nan abu ɗaya nake ta gani a ɗakin gwajin tari. Saurayi zai zo da tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, duk ya rame, zufa da daddare har ta jiƙa masa riga, a yi gwajin kaki sai a ga tarin fuka ne. Ka tambaye shi ko akwai mai tari a gida ya ce babu. Bayan sati biyu ko uku sai ga abokinsa ya zo da irin tarin, sai ga wani abokin kuma. Sai da na zaunar da ɗaya daga cikinsu na lallashe shi sannan ya ce min ai in sun haɗu shan hayaƙi, shotgan suke yi.

Ga wanda bai sani ba, shotgan shi ne mutum ya zuƙi hayaƙin sigari ko wiwi ya cika bakinsa, sannan ya kafa bakinsa dab da na abokinsa ya busa masa, shi kuma ya zuƙe. Kalmar turanci ce, asalinta sunan bindigar farauta ce mai dogon bututu. Ana danganta sunan ne da sojojin Amurka a yaƙin Biyetnam, akwai ma hoton bidiyo da gidan talabijin na CBS ya ɗauka a 1970 inda sojoji suka cire harsashi daga bindigar, suka sa lofe mai wuta ta gindin bututun, wani yana busawa wani yana zuƙa ta bakin bindigar. Yau bindigar babu ita amma sunan ya zauna, sai bakin mutum ya maye gurbin bututun. Kuma nan ne matsalar take.

Ƙannena, tarin fuka ta iska yake yaɗuwa, ta numfashin da ke fitowa daga huhun mai ɗauke da shi. Mu a wurin aiki takunkumi muke sawa, mu buɗe tagogi, mu ce mai tari ya rufe baki, duk don kada mu shaƙi abin da ya fito daga ƙirjinsa. Ku kuma kun je kuna karɓar wannan numfashin kai tsaye, da gangan, har kuna riƙe shi a ƙirji wai don ya fi shiga. Haba! Wanda ke busa maka yana iya ɗauke da cutar shi kansa bai sani ba, yana ganin tarin hayaƙi ne kawai. Kuma mai shan taba dama huhunsa ya riga ya yi rauni, ya fi saurin kamuwa.

Wani ya ce min ai amininsa ne, tare suka taso. Na yarda, ban ce ka guje shi ba, wallahi ina jin daɗin yadda kuke rako juna asibiti. Amma aminci ba ya hana ƙwayar cuta wucewa. A 2023 kaɗai tarin fuka ya kashe sama da mutum miliyan 1 a duniya, bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, alhali cuta ce da ake warkewa. Ban ma shiga maganar mura da ƙurajen baki da ake ɗauka ta wannan hanyar ba.

Burina ku bar shan hayaƙin gaba ɗaya, kuma duk mai son dainawa ya zo mu zauna, ba zan yi masa faɗa ba. Amma kafin nan, ko da ba za ka ji komai daga bakina ba, ka ji wannan: kada ka busa wa kowa, kada ka bari a busa maka.

Tari ya kai sati 2, je a gwada kakinka. Zazzaɓi da yamma, rama, zufan dare ko jini a kaki, kar ka jira. In an same ka da ita faɗi sunayen waɗanda kuke zama tare don a gwada su, ba wanda zai kai ƙararka ko'ina. Maganin wata 6 ne a mafi yawan lokuta, kuma ka shanye shi duka ko da ka ji garau a wata na biyu, don masu yankewa a hanya su ne suke dawo mana da wadda ba ta jin magani.