Akwatin Kwamfutar Wasa

Akwatin kwamfutar wasa, wanda ake kuma kira kes, shi ne gidan ƙarfe da ake ɗaure kayan cikin kwamfutar tebur a jikinsa, wato babban allo da ake jona sauran kayan a kansa, da furosesa mai sarrafa umarni, da katin hoto mai samar da hotunan da ake gani a sikirin, da na'urar rarraba wuta, da ma'ajiyar bayanai. Abin da ya raba shi da akwatin kwamfutar ofis shi ne yawan zafin da dole ya fitar. Katin hoto guda irin GeForce RTX 4090 na kamfanin Nvidia, wanda ya fito a shekarar 2022, yana jan wuta har wat 450, kuma kusan dukkan wannan wutar zafi take komawa a cikin akwatin.

Girma da ma'auni

Girman akwati yana bin girman babban allon da za a saka masa. Tsarin ATX, wanda kamfanin Intel ya fito da shi a shekarar 1995, yana da tsawon milimita 305 da faɗin milimita 244, kuma har yau shi ne ya fi yaɗuwa. Ƙasa da shi akwai microATX mai milimita 244 ta kowane gefe, sai Mini-ITX na kamfanin VIA da ya bayyana a 2001, mai milimita 170 kacal. Babban akwati yana ɗaukar ƙaramin allo, amma ƙaramin akwati ba ya ɗaukar babban allo. Bayan wannan, mai haɗawa yana duba tsawon katin hoton da akwatin zai iya ɗauka, domin manyan katuna na yanzu suna wuce milimita 300, sannan ya duba tsayin na'urar sanyaya furosesa don kada murfin gefe ya ƙi rufuwa.

Zagayawar iska

Nan ne ingancin akwati yake fitowa fili. A tsarin da aka saba, fankokin gaba suna jawo iska mai sanyi, ta ratsa kan katin hoto da furosesa, sannan fankokin baya da na sama su fitar da ita bayan ta ɗauki zafi. Yawancin fankokin milimita 120 ne ko 140, kuma babbar fanka tana tura iska mai yawa ba tare da ta yi gudu da ƙara kamar ƙarama ba. Masu amfani da sanyayawar ruwa suna buƙatar wurin ɗaure lagireto mai tsawon milimita 240, ko 280, ko 360. Idan furosesa ko katin hoto suka yi zafi fiye da ƙima, da kansu suke rage gudu domin kare kansu, sai wasa ya fara tsaitsayawa ko da kayan masu tsada ne.

Fuskar akwati tana da tasiri sosai a nan. Mai fuskar raga yana barin iska ta shiga kai tsaye, alhali mai fuskar gilashi ko rufaffen roba yana tilasta wa fankoki su shaƙi iska ta 'yan ƙananan ramukan gefe. A gari irin Kaduna, inda zafin watan Maris da Afrilu yake wuce digiri 35, fuskar raga ita ce zaɓin da ya dace, ko da ba ta kai ta gilashi ɗaukar ido ba.

Sai dai raga tana buɗe wa ƙura hanya, kuma ƙurar hunturu da ke lulluɓe gari daga Nuwamba zuwa Fabrairu laushi gare ta ƙwarai, tana toshe ƴan siraran ƙarafan da ke shanye zafi cikin makonni kaɗan. Maganin farko shi ne matatar ƙura da ake iya zarewa a wanke, a gaba da ƙasa da sama. Na biyu shi ne a sa iskar da ke shiga ta ɗara wadda ke fita, domin idan aka yi haka rarar iskar takan fice ta kowace kafa, ƙura kuma ba ta samun shiga sai ta inda matata take. Ɗora akwatin a kan tebur maimakon ƙasa ma yana rage ƙurar da yake shaƙa.

Kayan ƙira da ado

Da ƙarfe ake yin gangar jikin yawancin akwatuna, wasu masu tsada kuma da alminiyum saboda rashin nauyinsa. Murfin gefe na gilashi mai tauri ya zama ruwan dare, musamman bayan da kamfanin Lian Li na Taiwan ya fitar da O11 Dynamic a 2018, mai ɗaki biyu, wanda ya ɓoye na'urar wuta da wayoyi a baya, ya bar gaba fili domin kallo. Irin wannan gilashi yana jure bugu a tsakiyarsa, amma gefensa rauni gare shi, kuma idan ya taɓa tayil yana iya tarwatsewa gaba ɗaya, shi ya sa ake ajiye shi a kan katifa ko kwali lokacin aiki.

Fitilun ado iri biyu ne, kuma ba a haɗa su wuri ɗaya: wanda ake kira RGB, mai filogi mai ƙafa huɗu, yana aiki da bolt 12, wanda ake kira ARGB, mai filogi mai ƙafa uku, kuma da bolt 5. Wanda ya sa na bolt 5 a gurbin bolt 12 zai ƙona fitilun nan take. Haka nan, kafin a ɗaura babban allo sai an tabbatar cewa ƙananan ginshiƙan tagulla da ke ɗaga shi daga jikin ƙarfe suna daidai da ramukansa, domin ginshiƙi guda da ya zauna inda babu rami yana iya haɗa wuta ya lalata allon tun kafin a kunna wasan farko.