Waiwaye: Kashe Sha'awa Aka Ce Ko Horar Da Ita?

Bahaushe kan ce son zuciya ɓacin zuciya, kuma idan mutum ya fusata sai a ce ya yi zuciya. Kalma ɗaya ke ɗauke da so da fushi, kuma a kan waɗannan biyun ne masana suka daɗe suna kai-kawo.

Aflatun, masanin falsafa na Girka, a birnin Atina na ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya kasa ran ɗan Adam gida uku: hankali, fushi da sha'awa. Wannan rabo ya shiga Larabci ta hanyar fassarar da aka yi a Bagadaza zamanin Abbasiyawa, har masanin falsafa Miskawaihi, wanda ya rasu a 1030, ya gina littafinsa Tahzibul Akhlaƙ a kansa. Amma Musulmi ba da hannu wofi suka tarbe shi ba. Alƙur'ani ya riga ya ambaci rai mai yawan umarni da mummuna a Suratu Yusuf, da mai zargin kansa a Suratul Ƙiyama, da mai natsuwa a Suratul Fajr.

Imam Gazali, da ya rasu a 1111, shi ya ɗinke zaren biyu a Ihya'u Ulumiddin, kuma a nan na fi son mai karatu ya dakata. Ya kwatanta jiki da gari: rai ne sarki, hankali waziri, fushi shugaban dogarai, sha'awa kuwa bara ce mai kawo abinci garin, sai dai maƙaryaciya ce, takan zo da fuskar mai nasiha. Sarki bai isa ya kore ta ba, domin gari zai mutu da yunwa. Abin da zai yi shi ne ya saurari waziri, ya sa dogari ya tsare ta. Gazali ya fito fili ya ce da za a tumɓuke sha'awar abinci da mutum ya halaka, da za a tumɓuke ta aure da zuriya ta yanke, da babu fushi da ba wanda zai kare kansa.

Wannan littafi ya iso zaurukan karatu na ƙasar Hausa tun da daɗewa, shi ya sa abin yake damuna idan na ji ana yi wa matashi wa'azi kamar jin sha'awa shi kansa zunubi ne. Yaron yakan koma gida yana ƙyamar kansa, alhali malamin da ake jingina masa maganar cewa ya yi hankali mahayi ne da ya fita farauta, sha'awa dokinsa, fushi kuma karensa.