Ƙarfe nawa? Waiwaye kan lokaci, daga inuwar Gobarau zuwa agogon Einstein

Duk wanda ya yi azumi a Daura ya kuma yi a Katsina ya san Daurawa kan riga Katsinawa shan ruwa da kamar minti uku. Mutanen Maiduguri kuwa sun riga mu da wajen minti ashirin. Amma agogon hannun kowa abu ɗaya yake nunawa. Ashe lokaci iri biyu muke tafe da su: na rana, wanda kowane gari ke da nasa, da na agogo, wanda hukuma ta yanka wa ƙasa baki ɗaya. Gardamar da masana suka shafe shekaru sama da dubu biyu suna yi kan lokaci, tsakanin waɗannan biyun take kai da komo.

Kafin agogo ya shigo, ladanin da ke hawa hasumiyar Gobarau, wadda ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau, da inuwa yake aiki. In inuwa ta gama raguwa ta fara ƙaruwa, rana ta yi zawali, azahar ta shiga. In ta ƙaru da tsawon mai ita a kan inuwar zawali, la'asar ta yi. Almajiran zaure sun san ma'aunin: tsawon mutum taku bakwai ne na ƙafarsa. Asuba, hantsi, walha, almuru, duk sunaye ne na halin da rana ke ciki, babu wanda ke da lamba. Kada a ɗauka wannan rashin lissafi ne. Ƙasar nan ce ta fitar da Muhammad ɗan Muhammad al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741.

Kalmomin da muke amfani da su yau sun tona asirin yadda sabon lokacin ya zo. Agogo aron Yarbanci ne, ma'anarsa ƙararrawa. “Ƙarfe uku” kuwa ƙarfen da ake bugawa ne sau uku don ma'aikata da 'yan makaranta su ji. A 1884 aka yi taro a Washintan aka zaɓi layin da ya ratsa Girinwic ta Landan ya zama mafarin auna duniya, shi ne agogon GMT da muke ji a rediyo. Layin dogo ya iso Kano a 1911, jirgin ƙasa kuwa ba ya iya bin inuwar kowane gari. A 1919 aka ɗora Najeriya kan awa ɗaya gaba da GMT. Wannan lokaci na layin digiri 15 ne gabas da Girinwic, Katsina kuwa tana kan digiri bakwai da rabi da ɗoriya. Tunda kowane digiri minti huɗu ne, rana ba ta tsayawa tsaka a Katsina sai wajen ƙarfe 12:30, ta ɗan gota ko ta ɗan gaza gwargwadon watan da ake ciki. Sha biyun da agogo ke bugawa ba tamu ba ce.

To shi lokacin kansa, mene ne? Aristotal na ƙasar Girka ya ce ƙidayar motsi ne, ta fuskar abin da ya gabata da abin da ya biyo baya. Da ladanin Gobarau ya ji wannan, da ya gyaɗa kai. Agustin, malamin Kirista da aka haifa a 354 a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya amsa cewa in ba a tambaye shi ba ya san lokaci, in aka tambaye shi sai ya rasa bakin zaren. Jiya ta wuce, babu ita. Gobe ba ta zo ba, babu ita. Yanzu kuwa kafin ka ambace ta ta zama ɗazu. Sai ya karkata ga cewa a cikin zuciyar mutum ake auna lokaci, da tunawa da lura da tsammani.

A wajen malaman Musulunci maganar ta fi zafi, don ta taɓa aƙida. Ibn Sina da magabatansa na falsafa sun tafi a kan cewa duniya ba ta da farko a zamani. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi musu raddi: zamani shi ma halitta ne, tare da duniya aka fare shi, saboda haka tambayar abin da ya jinkirta halitta ba ta da wurin zama, tunda babu wani “kafin” da za a yi jinkiri a cikinsa. Ibn Rushd na Andalus ya mayar da martani bayan shekaru kusan tamanin. A ganina Gazali ya kama wani abu mai zurfi a nan, kuma za mu sake cin karo da shi.

Turai ta shiga maganar da na'ura a hannu. A 1656 Huygens na ƙasar Holan ya ƙera agogo mai lilo, kuskuren agogo ya sauko daga mintoci zuwa 'yan sakanni a yini. A 1687 Isaac Newton ya shimfiɗa dokokin motsi a kan lokaci guda ɗaya tilo, mai gudana bai ɗaya a ko'ina, ko da abin da ke motsi ko babu. Leibniz na Jamus ya musa, ya ce lokaci jerin aukuwar abubuwa ne kawai. Lissafin Newton ya yi aiki, sai aka bi shi har shekara ɗari biyu da wani abu.

Haske ne ya ɓata wannan shiri. In motarka na gudun kilomita 80 a awa a hanyar Daura, wata ta wuce ka da 100, a idonka da 20 kawai take tsere maka. Haske ba haka yake ba. Yana gudun kusan kilomita 300,000 a sakan, kuma ko kana tsaye ko kana bin sa a guje, adadin da za ka auna ke nan, ba ragi. Gudu kuwa nisa ne a raba da lokaci. In gudun ya ƙi canjawa, dole nisan da lokacin su rusuna. Abin da Albert Einstein ya fito da shi ke nan a 1905: agogon da ke tafiya, in mai tsaye ya auna shi, ya fi nasa jinkiri. A 1915 ya ƙara da cewa ƙarfin janyowar ƙasa ma yana rage wa agogo sauri. Ladanin da ke saman hasumiya ya fi mai alwala a gindinta saurin tsufa, sai dai ko shekara dubu suka yi a haka bambancin ba zai kai ƙiftawar ido ba.

Wannan ba tatsuniya ba ce. Tun 1967 ma'anar sakan ta bar hannun rana ta koma ga ƙwayar zarra ta wani sinadari da ake kira siziyom: kaɗawa 9,192,631,770 ita ce sakan ɗaya. A 1971 Hafele da Keating suka ɗora agogo masu aiki da siziyom a jirgin fasinja suka zaga duniya gabas da yamma, suka dawo suka tarar sun saɓa da na ƙasa yadda lissafi ya faɗa. Taurarin ɗan Adam na GPS, da ke nisan kilomita 20,000, agogonsu na riga namu da kashi 38 cikin miliyan na sakan kowace rana. Da ba a gyara wannan, taswirar wayar direban da ke neman Ƙofar Ƙaura za ta riƙa kaucewa da wajen kilomita 10 a yini.

Sai ga shi an dawo kusa da inda ladan ya tsaya: kowane wuri da lokacinsa. Har “yanzu” ɗin da muke zaton ta kowa ce ta zama ta unguwa. Hasken ranar da ke dukanka ya baro ta minti takwas da 'yan sakanni da suka wuce. Matafiya biyu masu gudu daban za su iya saɓawa kan ko abubuwa biyu masu nisa da juna sun faru a tare, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Nakan ga matasa a Facebook suna jawo ƙissar Ashabul Kahfi da shekarunsu 309 don su daidaita ta da Einstein. Ban ga buƙatar hakan ba: aya ba ta jiran sa hannun masanin kimiyya, kuma lissafin nan bai yi maganar barci a kogo ba.

Akwai abin da Einstein bai warware ba. Dokokinsa da na Newton ba su bambanta gaba da baya, amma rayuwa ta bambanta. Mai fura ta dama fura da nono a ƙwarya, duk juyin da za ta yi da ludayi ba za su sake rabuwa ba. Boltzmann na Ostiriya ya bayyana dalili a ƙarni na 19: hanyoyin da abubuwa za su cakuɗe sun fi hanyoyin da za su tsaru yawa nesa ba kusa ba, don haka duk juyi cakuɗewa yake ƙarawa. Ma'aunin wannan cakuɗewa shi ake kira entirofi, kuma ƙaruwarsa ce ta sa muke tuna jiya ba ma tuna gobe.

Amma kafin a dama, sai an fara da fura daban da nono daban. Wato sararin samaniya ya faro ne a tsare ƙwarai, shekaru biliyan 13.8 da suka wuce bisa ma'aunin masana. A lissafin Einstein lokaci ma daga nan yake farawa, kusan irin maganar Gazali da wani harshe. Wasu masanan na ganin lissafin ne ya gaza a wurin, kuma akwai wani abu kafin nan. Me ya sa aka fara a tsare, kuma shin jiya da gobe suna nan daram kamar yadda Daura ke nan alhali kana Katsina, ko yanzu kaɗai ke akwai? Kan waɗannan biyun masana fiziks da na falsafa suna nan sun rabu gida-gida.