Koyon haɗa kiɗan fim da kwamfuta: tambayoyin matasan sutudiyo a arewacin Kamaru

A Garwa da Marwa da Ngaundere ƙananan sutudiyo sun yawaita, kuma akasarin aikinsu waƙar biki ce da ta yabo. Da masu shirya gajerun finafinai suka fara neman wanda zai yi musu kiɗa, sai waɗannan tambayoyi suka riƙa maimaituwa a bakin matasa.

Na iya haɗa kiɗan waƙa. Ba shi ke nan na iya na fim ba?

Hannunka ya iya, saura ido. A waƙa kiɗa ne ke jan ragama, mawaƙi na bin sa. A fim kuwa hoto da maganar 'yan wasa ne a gaba, kiɗa na biye. Zagayen da ka saba maimaitawa minti huɗu ba zai yi ba, domin cikin fitowa ɗaya ana iya fara hira da dariya, a ƙare da labarin rasuwa. Shi ya sa aikin farko ba a gaban fiyano ake yin sa ba. Ka zauna da darakta ku kalli fim ɗin daga farko har ƙarshe, ku rubuta minti da daƙiƙar da kiɗa zai shiga, inda zai fita, da abin da ake so mai kallo ya ji a ransa. Ku kuma yarda a kan wuraren da za a bari shiru. Fitowar ta'aziyya sau da yawa ta fi taɓa zuciya idan ba abin da ake ji sai salati da shessheƙa.

Wace manhaja zan koya?

Wadda za ta buɗe maka bidiyo kana kallo kana kaɗawa. FL Studio ce mafi yawan yaranmu suka sani, kuma tana da abin nuna bidiyo, sai dai ba a kowane samfurinta ake samun sa ba. Cubase ta daɗe a hannun masu kiɗan fim. Logic Pro ba ta aiki sai a na'urorin Apple. Ga mai tsohuwar kwamfuta ni Reaper nake ba shawara: ba ta da nauyi, tana buɗe bidiyo kai tsaye, ana gwada ta kwana 60 kyauta, lasisinta na mai ƙaramin aiki kuma dala 60 ne. Ka riƙe ɗaya ka san ta ciki da bai, ya fi maka ka tara guda biyar na sata da za su daskare ranar da darakta ke zaune a bayanka.

Kayan aiki fa?

Kwamfutar tafi-da-gidanka, ƙaramin fiyano na MIDI (wanda ake haɗawa da kwamfuta a kaɗa sautukan da ke cikinta), abin sauraro na kunne mai kyau, makirfo ɗaya, da akwatin da ke haɗa makirfo da kwamfuta. Batirin kwamfutar zai cece ka idan wuta ta ɗauke. A zafin Maris da Afrilu ka ɗaga ta ta sha iska, kuma kullum ka kwafe aikinka a wani faifai dabam.

Me ya sa kiɗana ke zamewa daga hoto idan edita ya ɗora shi?

Yawanci lissafi ne bai zo ɗaya ba. Sautin faifan CD a kan 44.1 kHz yake, wato ana auna shi sau 44,100 a kowace daƙiƙa, na bidiyo kuma 48 kHz. Idan manhaja ta karanta na farko a matsayin na biyu, kiɗan zai ƙara sauri da kusan kashi 9 cikin 100, muryarsa ta yi sama. Tun kafin ka buga komai ka saita aikinka a 48. Ka kuma tambayi edita hoto nawa ne a daƙiƙa, 24 ko 25 ko 30, ka sa daidai da nasa. Kada ka fara sai an gama yanka fim, domin daƙiƙa biyu da aka cire a tsakiya sun isa su rusa duk abin da ke bayansu.

Saurin kiɗa ma lissafi ne. A kan bugu 120 a minti, kowane bugu rabin daƙiƙa ne, wato fitowar daƙiƙa 30 tana cin bugu 60. Idan kana so ganga ta faɗi daidai da buɗe ƙofa, sai ka ɗan ƙara ko ka rage saurin har bugun ya sauka a wurin.

Sautukan da ke cikin kwamfuta ba su isa ba? Sai na nemo makaɗi?

Suna da amfani, akwai ma na kyauta masu kyau irin LABS da kamfanin Spitfire Audio na Landan ya fitar. Amma abin da ke damuna shi ne a nuna tsakar gida a Marwa, ana tankaɗen gari, a ƙarƙashi kuma ana jin irin sautin da dubban mutane a duniya ke dannawa. Alhali mai garaya da mai goge da mai sarewa suna unguwa ɗaya da kai.

Idan za ka ɗauke su, ka sani ɗaurin tsirkiyarsu ba lallai ya dace da na fiyano ba. Kada ka tilasta wa dattijo ya bi kwamfutarka. Ka nuna masa fitowar, ka ce "Baba, yaya ka ji wannan?", ka ɗauki abin da ya kaɗa, sannan ka daidaita naka sautukan da nasa. Algaita tana da ƙarfi, makirfo ya yi nesa da ita.

Kowane kayan kiɗa kuma yana da ma'anar da mai kallo ya sani. Kakaki na sarauta ne. Ka busa shi don attajiri ya fito daga mota, 'yan fadar Lamiɗo za su ce ba ka san abin da kake yi ba. Take yana da mai shi, a tambaya kafin a sa. Kalangu kuwa magana yake yi, yana kwaikwayon hawa da saukar muryar Hausa, don haka idan ka sa shi a ƙarƙashin hira, mutum biyu ne ke magana lokaci ɗaya. Wurinsa tsakanin fitowa da fitowa, ko inda baki ya yi shiru. Kuma a biya makaɗi haƙƙinsa, a rubuta sunansa a ƙarshen fim.

Ana cewa kiɗana na danne magana.

Abin da ke sa a gane kalma yana tsakanin 1 kHz da 4 kHz a ma'aunin kauri da tsinin sauti. Ka rage kiɗa a wannan yanki duk lokacin da ake hira, ka guji sarewa ko goge mai tsini a wurin. Sannan ka saurara a waya, tunda a nan mafi yawan mutanenmu za su kalla. Ƙaramar sifikar waya ba ta fitar da sauti mai kauri, saboda haka fargabar da ka gina da shi kaɗai ɓacewa za ta yi.

Yaya zan miƙa aiki, kuma kiɗan na waye?

Ka fitar da WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, a 48 kHz, ganguna dabam, tsirkiya dabam, sauran dabam, duk su fara daga wuri ɗaya, domin edita ya iya rage ɗaya ba tare da ya taɓa saura ba. In ta WhatsApp za ka tura, ka aika a matsayin takarda, ba saƙon murya ba. Kamaru tana da dokar haƙƙin mallaka ta shekarar 2000, amma ba za ta san me kuka ƙulla da baki ba. Ku rubuta ko a shafi ɗaya ne: nawa za a biya, a wane fim za a yi amfani da kiɗan, kuma ko kana da damar sake sa shi a wani aikin.